Hasken IPL da Ciwon Rozeshiya na Ido: Ba Kowace Fata Ke Ɗaukarsa Ba

Rozeshiya ciwon fata ne mai daɗewa. Yakan sa fuska ta yi ja, ta riƙa zafi, ƙuraje su feso. Idan ya sauka a ido, sai mutum ya ji kamar an watsa masa yashi: ga raɗaɗi, ga ƙaiƙayi, ga hazbiya da ke tafiya tana dawowa. A baƙar fata jan ba ya fitowa sarai, shi ya sa ciwon kan daɗe ba a gane shi ba.

Tushen matsalar yana bakin fatar ido. A nan akwai ƙananan ramuka da ke fitar da maiƙon da ke hana hawaye saurin bushewa. Kumburi kan toshe su, maiƙon ya daskare, ido ya bushe.

Yadda hasken ke aiki

Na'urar IPL, wadda ake amfani da ita don magance wannan toshewa, tana walƙa haske mai ƙarfi a kan kunci, ƙasa da ido. Jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyin da suka buɗe ya sha hasken, jijiyoyin su rufe, kumburi ya ragu. Daga nan likita ya matse fatar ido ya fitar da maiƙon da ya toshe. Galibi zama huɗu ake yi, da tazarar mako biyu zuwa huɗu. Wani likitan ido a Amurka, Rolando Toyos, shi ya lura da wannan amfani a farkon shekarun 2000, kuma a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da na'urar OptiLight don bushewar ido irin wannan.

Inda haɗarin yake

Hasken ba ya bambance jini da launin fata. Duk abin da yake da duhu zai sha shi ya yi zafi. Ma'aunin Fitzpatrick ya kasa fatar ɗan Adam gida shida, kuma an tsara wannan magani ne don gida na ɗaya zuwa na huɗu. Yawancinmu muna gida na biyar da na shida. A irin fatarmu, hasken na iya ƙona fuska, ya tayar da bororo, ya bar tabo fari ko baƙi. Wanda ya yi fari da man bilicin kada ya ruɗu: fatarsa ta ƙara rauni ne, kuma mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid su kansu suna jawo ƙuraje irin na rozeshiya.

Haɗari na biyu a kan ƙwayar ido yake. Idan ba a rufe ido da kariya ta musamman ba, hasken na iya lalata zoben da ke ba ido launi, ya bar mutum ba ya iya kallon rana. Runtse ido kaɗai ba ya isa.

Abin yi

Fara da abin da ba shi da haɗari. Ɗora tsumma mai tsabta da ɗumi a kan ido na minti biyar zuwa goma kullum, ka goge bakin fatar ido, a wanke kwalli kafin barci, a yi amfani da ɗigon hawaye na kemis. Rage zama cikin rana, yaji da shayi mai tururi. Lokacin hunturu ka sa tabarau. Idan ciwon bai lafa ba, likita na iya rubuta doksisaikilin ko azitromaisin.

Idan an ba ka shawarar IPL, likitan ido ne zai yi, ba gidan gyaran jiki ba. Ka tambaye shi a wane gida fatarka take, kuma a fara gwaji a ɗan wuri. Ka gaya masa idan akwai juna biyu, farfaɗiya, tabo mai tudu, ko kana shan maganin da ke sa fata jin rana, har da doksisaikilin ɗin. Idan kuwa gani ya fara dushewa ko ido na ciwo mai tsanani, ka garzaya asibitin ido a ranar, domin ciwon na iya lalata gaban ƙwayar ido.