Yadda ake lissafa dattin da kogunan Kano ke ɗauka

Ruwan da ya fita daga majemun Challawa ba ya zuwa teku. Yana bin Kogin Challawa, ya haɗu da Kogin Kano a wajajen Tamburawa, ya wuce Wudil, ya zama Kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Na Zariya ne ke isa teku, ta Galma da Kaduna da Neja. Amma lissafin da masana ke yi a kan Kogin Misisifi na Amurka, wanda takin gonaki da yake kwasowa ke kashe kifi a gaɓar Tekun Meziko, shi ne muke bukata a nan, don sinadaran iri ɗaya ne: naitirojin da fosfaras. Abincin tsiro ne su, kuma idan suka yi yawa a ruwa sai gansakuka da kainuwa su rufe shi, in sun ruɓe su shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Aikin yana farawa da taswira. Ana ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna tudu da gangare, kwamfuta ta zana inda kowane ruwan sama zai gangara. A Kano za a ga gari ya rabu biyu. Bompai tana zubarwa ta rafin Getsi zuwa Jakara, Jakara kuma ta tara a madatsar Wasai da ke Minjibir. Sharaɗa tana bi ta rafin Salanta ta faɗa Challawa, inda unguwar masana'antu ta Challawa ke zuba nata. Wanda ya haɗa waɗannan hanyoyi biyu a lissafi ɗaya ya ɓata aikin tun daga tushe.

Daga nan sai a lissafa masu zubarwa. Akwai masu bakin bututu da za a iya nunawa da yatsa: majemu, masaƙu, mayanka, da manyan lambatun gari. An fi sanin majemu da sinadarin kuromiyam, amma wajen wanke farar ƙasa daga jikin fata ana amfani da gishirin amoniya, ga kuma guntayen nama da gashi, duk naitirojin ne. Akwai kuma waɗanda ba su da baki guda: yuriya da NPK da ake zubawa a gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Kadawa, kashin dabbobi, da masan gidaje. Waɗannan sai an ƙiyasta su daga faɗin gonaki da yawan jama'a.

Sai awo, kuma nan ne ƙashin bayan aikin. A kowace tasha da aka zaɓa, sama da bakin bututu da ƙasa da shi, ana auna abu biyu a lokaci guda. Na farko yawan ruwan da ke wucewa: a auna faɗi da zurfi da saurin gudu. Na biyu a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji irin na Jami'ar Bayero kafin ya sauya. Sannan a ninka. Idan lita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10 na naitirojin, kuma lita 1,000 ke wucewa kowace daƙiƙa, to kilo 864 ke nan a yini. Rahoton da ya faɗi kaurin datti a lita bai faɗi yawan ruwa ba ya yi rabin magana. A watan Maris Jakara kusan ruwan kwata ce zalla, baƙa ƙirin, amma ba yawa. A Agusta ruwan ya tsarma, sai dai abin da yake ɗauka a jimlace yana iya fin na rani. Ruwan farko na damina kuwa, wanda ke share dattin da ya taru a magudanu wata da watanni, in ba a tsaya an ɗebe shi a ranar ba, ya wuce ke nan. A ganina wannan kwalba ɗaya ta fi goma na tsakiyar rani daraja.

Ba duk abin da ya shiga kogi ke isa ƙarshe ba, don haka dole a cire abin da ya maƙale a hanya. Fosfaras na manne wa laka ya kwanta a madatsa. Ƙwayoyin halitta a cikin taɓo na mayar da wani kaso na naitirojin iska. 'Yan lambun bakin Jakara da Getsi suna jan ruwan da injin ban-ruwa zuwa kan latas da alayyafo, su kuma su koma kasuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa a Ƙaraye ta 1992 sun sa gudun kogunan Kano da Challawa ya dogara da ranar da aka buɗe ƙofa, saboda haka sai an nemo bayanan sakin ruwa daga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta ke Hotoro, kan titin Maiduguri.

Duk wannan ake zuba wa manhaja irin SWAT, tare da bayanan ruwan sama da irin ƙasa. Ana raba awon da aka tara gida biyu. Da kashi na farko ake ta gyara saitin manhajar har abin da take fitarwa ya kusanci abin da aka auna a kogi. Kashi na biyu ana ɓoye mata shi, a ga ko za ta hango shi da kanta. In ta kasa, a koma bakin kogi a ƙara awo, kada a matse lambobi don su yi kyau a takarda.

Idan ta ci wannan jarrabawa, sai a fara yi mata tambayoyi. Kilo nawa zai ragu a Tamburawa, inda ake ɗiban ruwan shan Kano, idan majemun Challawa da Sharaɗa suka tace ruwansu kafin su sake shi? Me zai isa Haɗeja, inda kachala ta riga ta toshe hanyoyin ruwa, idan manoman Kadawa suka raba zuba yuriya sau biyu ko uku? Amsoshin su ne abin da hukumar kare muhalli ta NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Kano za su riƙe a hannu idan sun zauna da masu masana'antu.