Yadda ake shawo kan ƙwannafi a gida

Ma'aikacin da ke zaune a Gwarinpa yakan fita da sassafe ba tare da ya karya ba, ya yini a ofis a kan biskit da lemon kwalba, ya dawo cikin cunkoson titin Kubwa bayan Isha'i. Sai a lokacin zai zauna wa malmalar tuwo, ko ya biya ta wajen masu tsire a 3rd Avenue a naɗe masa da yaji da ɗanyar albasa. Kafin sha ɗaya ya kwanta. Tsakar dare ƙirji ya ɗau zafi, ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro. Wannan shi ne ƙwannafi, kuma a irin wannan rayuwa lokacin cin abincin ya fi abincin kansa laifi.

A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsuke ƙofar kamar mazagin wando. Idan ta saki, ko ciki ya cika fal ya matse ta, ruwan asid ɗin da ke narkar da abinci sai ya yo sama. A tsaye nauyinsa na riƙe shi a ƙasa. A kwance babu abin da ke tare shi.

Fara da agogo. Ka bar aƙalla awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Wanda ba ya isa gida sai tara ba zai iya hakan da tuwo ba, don haka ya mayar da babban cinsa rana: uwargida ta zuba a kula a tafi da shi ofis, da dare kuma a sha kunu mara tsami ko ɗan faten acca. Ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ya fi cika ciki sau ɗaya. A watan azumi ma haka ne. Wanda ya ɗura ƙosai da kunun tsamiya da soyayyen dankali a buɗa-baki zai ji a jikinsa tun ruku'in farko na tarawihi, wanda kuma ya koma barci da zarar ya gama sahur zai farka da ɗaci a baki.

Gano abin da ke tayar maka. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne maiƙo da suya, attaruhu da yaji, miyar tumatir mai yawan mai, ɗanyar albasa, lemon tsami, lemon kwalba, kofi, goro da shayi mai kauri, musamman wanda aka jefa wa na'a-na'a. Amma kowa da nasa cikin. Ka riƙa rubuta abin da ka ci da lokacin da zafin ya zo har mako 2, sannan ka cire abu ɗaya-ɗaya ka gani. Ban ga amfanin mutum ya haramta wa kansa rabin abincin gidansu saboda an ce yana da olsa ba, alhali ƙila masa da yajin dare ne kawai matsalarsa. Miyar kuka da ta kuɓewa marasa yaji, dafaffen kifi, ayaba da gwanda ba su cika damun kowa ba. Taba da shisha kuwa babu sassauci, suna sassauta tsokar nan.

Gyara makwanci. Ka ɗaga ƙafafun gadon na wajen kai da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20. Idan gadon ya yi nauyi, a cusa wani abu mai tudu a ƙarƙashin katifa. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta ɓarin hagu ta fi rage tasowar ruwan; wanda ya saba farawa da dama yana iya yin addu'o'insa sannan ya juya. A sassauta bel da zani, mai tumbi kuma ya rage ƙiba.

Idan ƙwannafin ya riga ya taso. Ka tashi zaune, ka kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Tauna cingam marar sukari na ƙara yawu, yawun kuma na wanke asid ɗin ya koma. Madara na kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma mai maiƙo na iya dawo da shi. Citta kaɗan a ruwan ɗumi na taimaka wa tashin zuciya, da yawa kuma ita ma ƙuna take. Sai kanwa, maganin kakanninmu. Gaskiya tana kashe tsamin nan take, sai dai cike take da sinadarin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar ta. Maganin ruwa na kemis irin su Gaviscon ya fi ta aminci, omeprazole kuma ana shansa ne kamar minti 30 kafin karin kumallo. Ka kiyayi ibuprofen, diclofenac da asfirin da ake sha don ciwon jiki, domin su ma suna tayar da ƙwannafi. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin ya koma wurinsa kafin ya daina.

Idan ƙwannafin na zuwa fiye da sau 2 a mako duk da wannan, ko abinci na maƙalewa, ko ana rama ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, a tafi asibiti; Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi ba nisa daga Gwarinpa. Zafin ƙirjin da ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, na iya zama na zuciya. Wannan ba a jira gari ya waye.