Kafin littafin kakanka ya tsallake Magamar Jibiya

Sana'ata gyaran tsofaffin littattafan hannu ce. Ina kakkaɓe ƙura, in jera ganyen da ya hargitse, in rubuta bayanin littafi, in mayar wa mai shi. Gidajen malaman da nake yi wa aiki suna ɓangarori biyu na iyaka, shi ya sa hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta zame mini hanyar gida. Maganata ta yau da mutum uku nake yin ta: mai gadon littattafai, da mai sha'awar sayensu, da direban da ake miƙa wa saƙo a Magamar Jibiya.

Littafi ya daɗe yana bin wannan hanya, tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a farkon ƙarni na 20. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, tsoffin sarakunanta suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, dangi suka rabu gida biyu, littattafai ma haka. Almajiri ya taso daga Madarumfa ya yi karatu a birnin Katsina, ya koma da Risala ko Ishiriniya da ya kwafa da hannunsa. Wannan ba ya damuna, domin littafin ya bar mai karatu ne ya faɗa hannun mai karatu. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau ana karanta rubutunsa saboda ya yi tafiya da sunan mai shi da na garinsu. Abin da ke damuna shi ne littafin da ake fitarwa a ɓoye bayan an shafe asalinsa.

Dillalan wannan harka sun san lokacin da ake zuwa gida. Suna zuwa bayan sadakar arba'in, sa'ad da magada ke tunanin rabon gado. A 'yan shekarun nan kuma suna bin mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, waɗanda suka shigo Jibiya da ɗan abin da suka iya ɗauka, ciki har da gafakar mahaifinsu. Maganar ba ta canzawa: "Malam, tsohuwar takarda ce, in ka bar ta gara za ta cinye." Sai a ƙirga 'yan kuɗi, wani lokaci da sefa don abin ya yi kwarjini. Ba na zargin wanda yunwa ta sa ya sayar. Ina dai so ya san abin da ke hannunsa kafin ya ce sallama.

Dillali ba karatu yake nema ba, zayyana yake nema. Alƙur'anin hannu na ƙasarmu abin kallo ne: baƙin rubutu mai kauri, wasula da jar tawada, hamza da ruwan ɗorawa, ga alamar aya, ga kumsa a kan kowace aya biyar, ga kuri a kan goma, ga zagaye masu ado a gefen shafi wurin izu da sujada. Manyan zayyanoni kuma suna zuwa a farko, sannan a farkon A'arafi da Maryam da Sad, inda Alƙur'ani ke kasuwa huɗu. Bayan Alƙur'ani sai Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, saboda zanen Rauda da kaburbura uku da ke cikinsa. Irin waɗannan ne ke kaiwa har gidajen gwanjo na Landan da Faris.

Littattafanmu kuwa ba a ɗinke su. Ganye ne a jere tsakanin fata biyu na tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka. Abin da ke riƙe jerin shi ne kalma guda da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi, wadda da ita ganye na gaba zai fara. Zare ganye ɗaya bai fi ƙiftawar ido ba. An taɓa kawo mini wani Alƙur'ani daga wani ƙauye na yammacin Katsina, wai in duba ko ya cika. Ina bin kalmomin ƙasan shafi sai jerin ya yanke a ƙarshen An'ami, ya sake yankewa a ƙarshen Kahfi. Duk ganyen zayyana babu, na ƙarshe ma babu. Dattijuwar gidan ta ce wani baƙo ne ya karɓa ya kwana da shi "don ya nuna wa masana". Ta riƙe fatar tadarishin tana shafawa, ta ce a kan wannan mijinta ya yi sauka.

Ganyen ƙarshen nan shi ya fi yi mini ciwo. A nan marubuci ke cewa ya kammala, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na malamin da ya yi wa rubutun, da rana da wata. A nan ko a ganyen farko ake samun shaidar mallaka, ko bayanin cewa littafin wakafi ne, wanda shari'a ba ta yarda a sayar ba. In aka cire shi, littafin ya zama maraya, sai a rubuta masa "Afirka ta Yamma, ƙarni na 19" a takardar gwanjo, shi ke nan. Malamin nan na Katsina, Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, akwai littattafansa da sunansu kawai ya iso gare mu. Duk sanda na buɗe adakar wani gida ina sa ran ko Allah zai sa a dace da ɗaya daga cikinsu, kuma duk adakar da ta tsallake iyaka a ɓoye ta tafi da wannan fatan.

Akwai doka a kan wannan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa rubutun hannu da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a fitar da shi waje sai da izinin hukumar, cinikinsa ma sai ta hannun wanda ta amince wa. Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan al'adu ta ɓarauniyar hanya.

To yaya mutum zai gane tsufan abin da ya gada? Ɗaga ganye ɗaya a hankali ka duba shi ta hasken taga. In ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, to irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus su ratso hamada da ita, mafi shahara ita ce ta masana'antar Galvani. Amma an ci gaba da yin irinta har cikin ƙarni na 20, don haka alama ce kawai, ba hukunci ba. Dubi tawada kuma. Ta bagaruwa da ƙarfe tana komawa ƙasa-ƙasa in ta tsufa, wani wuri har ta ci takardar ta huda ta.

Yawancin ɓarnar da nake gani ma a cikin gida ake yin ta, da kyakkyawar niyya. A naɗe littafi a leda don tsoron ruwa, danshin damina ya taru ciki ya yi fumfuna. A liƙa yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya narke ya ɗauke rubutu. A fesa fiya-fiya don kyankyaso. Mafi muni a kai shi shago a rufe shi da roba mai zafi, wannan kam ba ya gyaruwa. Abin da littafi ke so kaɗan ne: farin ƙyalle na auduga mai tsabta, da wuri mai iska nesa da ƙasa da bango, da dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Kada a rubuta lamba da biro, fensir ya isa. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a fara da na farko da na ƙarshe, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Wurin rabon gado kuma ina roƙon malamai masu rabo, kada a kasa littafi ɗaya ganye-ganye tsakanin magada. A yi masa kuɗi, ɗaya ya riƙe ya biya saura.

Wanda ajiya ta gagare shi ya fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Arewa House a Kaduna. A Nijar akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda ya taso daga tarin Boubou Hama. Duk inda ka kai, a rubuta yarjejeniya, a bayyana aro ne ko kyauta ko ɗaukar hoto kawai.

Kai kuma mai sha'awar tarawa, sha'awarka ba laifi ba ce. Tambayi mai sayarwa daga wane gida littafin ya fito, kuma wa ya yarda a sayar. In ya fara kame-kame, ko ya fito da ganye ɗaya tilo mai zayyana, bar shi, domin kuɗinka ne zai sa a je a zare na gaba. Ka sani kuma akwai sabon rubutu da ake turarawa da hayaƙi ya yi kama da tsoho. In kyawun hannu kake so, Kano da Maiduguri cike suke da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani da ka, su yi masa zayyana. Ka sa a rubuta maka naka, ka biya su da daraja.

Direbobi da masu babura na Magama zuwa Ɗan Isa, in an ba ku ƙunshi an ce "littattafan malam ne", ku ce a buɗe a gabanku. In tsohon rubutun hannu ne, ku tambayi takardar izini. Ranar da kwastan suka kama shi, wanda aka samu da kaya a mota shi za a tsare, mai saƙon kuwa wayarsa a kashe za a same ta.