Hurumi: Wa Ke Da Dajin Da Ba a Sare Ba?

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya bi hanyar Tambuwal da rani, zai ratsa Boɗinga da Shagari yana ganin gonaki shimfiɗe har iyakar ido. Nan da can akwai gawo, ko kuka, ko aduwa a tsaye, sai kuma kurar jaki ɗauke da itacen girki ta nufi kasuwa. Abin da ba zai gani da yawa ba shi ne daji, wato filin da ba a noma, inda mata ke tsinto kirare, masu magani su saro sassaƙe, makiyaya su kora dabbobi. To, shin irin wannan fili na wane ne?

Tambayar ba sabuwa ba ce a wannan yanki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu Usmanu ke Sifawa, ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya raya fili ta hanyar sassabe, ko shuka, ko haƙa rijiya, ya sami haƙƙi a kansa. Amma akwai iyaka. Wurin da mutanen gari ke zuwa itace da kiwo su dawo a yini guda hariminsu ne, ba mai ikon killace shi don kansa. Daga nan Hausa ta samo kalmar hurumi.

Amfanin wannan ƙa'ida zai fito fili idan aka dubi abin da ya sami wata al'umma mai nisa wadda dokar ƙasarta ba ta yi mata irin wannan tanadi ba. Su ne Penan, mazauna kurmin jihar Sarawak ta ƙasar Malesiya, a tsibirin Borneo, inda ruwan sama ke wuce milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Sakkwato fiye da sau huɗu. A al'adarsu ta asali ba sa noma. Farauta suke yi, suna cin garin da suke fitarwa daga cikin wani itace dangin giginya. Suna da wata ɗabi'a da suke kira molong: mutum ya sa wa itace alama, ya ɗebi kaɗan, ya bar saura ya tofo. Sai dai dokar filaye ta Sarawak ta 1958 ta fi amincewa da haƙƙin wanda ya share daji ya noma. Saboda haka mutanen da suka fi kowa kula da kurmin sai suka zama ba su da shaidar da hukuma ke nema, aka kuwa ba kamfanonin katako izinin sara. A shekarar 1987 Penan suka datse hanyoyin motocin katako da gungume da jikkunansu. A wannan shekarar aka gyara doka, datse hanya ya zama laifi, aka kama da dama.

A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Kafin ta, akwai dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. Amma takarda daban, fili daban. Gona tana da kunya da iyaka da magada. Hurumi da burtali kuwa na kowa ne, shi ya sa ake gutsurarsu taki ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari Bafulatani ba shi da hanyar kai shanu mashaya sai ta cikin gero.

Asarar ba ta tsaya kan makiyayi ba. Saiwoyi ne ke riƙe rairayi, rassa kuma su rage ƙarfin iskar hunturu. Gawo ya fi ban mamaki: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani.

Manoman Maraɗi sun nuna wata mafita. Tun 1983 suka fara abin da suke kira sassabin zamani: maimakon tumɓuke kututturen kalgo da sabara, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Aikin bai yaɗu sosai ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar ya kai hekta miliyan biyar.

Malamin makaranta a Boɗinga ko Shagari na iya fita da ɗalibai su auna fili mai faɗin mita 100 da tsawon mita 100, su ƙirga manyan itatuwa daban, kututture masu tofo daban, sa'an nan su tambayi dattawan ƙauye inda hurumin garinsu ya tsaya a zamanin ƙuruciyarsu.