Darasi Daga Aro: Yadda Akan Shirya Aikin Jiyyar Masu Taɓin Hankali

Taɓin hankali ciwo ne kamar sauran cututtuka, ba ya zaɓen mai kuɗi ko matalauci, malami ko jahili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon hankali, tun daga baƙin ciki mai tsanani da fargaba, har zuwa wanda ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Likitocin wannan ciwo kuwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasashen Afirka. Saboda haka tilas duk hukumar da ke nufin taimakon jama'arta ta yi shiri da abin da ke hannunta. Wannan darasi zai bayyana yadda wani likita ya yi irin wannan shiri a ƙasar Yarbawa, da abin da ma'aikatan lafiya da shugabannin jama'a za su koya daga gare shi.

1. Yadda al'amarin yake a dā

A farkon zamanin Turawa, abin da hukuma ta fi kula da shi shi ne tsare mai taɓin hankali don kada ya dami jama'a. An buɗe gidan tsare su a Kalaba a 1904, an buɗe wani a Yaba ta Ikko, watau Legas, a 1907. A wurare da yawa kuwa gidan yari akan kai su, a ware musu wani sashe. Dokar da aka kafa a 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, magana take a kan yadda za a kama mutum a kulle shi, ba ta ce kome mai yawa game da warkar da shi ba.

A ƙauyuka kuma, in ciwon ya fi ƙarfin dangi, sai a sa wa mutum mari ko turu, wani lokaci har da duka, bisa zaton haka ne zai kori abin da ya shige shi. Wanda ya shiga gidan tsarewa da wuya ya fito. In ma ya fito, sai ya tarar an raba gonarsa, matarsa ta tafi, sunan mahaukaci kuma ya bi shi har kabari.

2. Likita Lambo da asibitin da ba a gama ba

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta a 1923. Ya koyi aikin likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sa'an nan ya ƙware a kan ciwon hankali a asibitin Maudsley da ke Landan. A 1954 ya komo gida aka ba shi riƙon sabon asibitin Aro, kusa da Abeokuta, a Jihar Yamma ta wancan zamani.

Da isowarsa sai ya tarar ba a gama ginin asibitin ba, ma'aikata kaɗan ne, majinyata kuwa suna ta zuwa. Wani da sai ya zauna jiran a gama gini. Shi kuwa sai ya dubi ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya ga akwai ɗakuna, akwai kasuwa, akwai mutane masu harkokinsu na yau da kullum. Ya je ya zauna da sarakunan ƙauyukan da dattawansu, ya roƙe su su karɓi majinyata haya a gidajensu. Da fari mutane sun ji tsoro, gama ba wanda ke son a kawo masa mai taɓin hankali cikin iyalinsa. Bayan doguwar shawara suka yarda. A watan Oktoba na 1954 aka fara aikin, ya kuma game ƙauyuka 4.

3. Yadda tsarin ke tafiya

Sharaɗi na fari shi ne, ba a karɓar majinyaci sai tare da ɗan'uwansa, ko uwa, ko 'yar'uwa, ko wani na jiki. Wannan ɗan'uwa shi ke dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe, ya komo da shi masauki in an tashi. A asibitin akan duba shi a ba shi magani irin na zamanin, a kuma sa shi wani aikin hannu. Sauran yini kuwa yana cikin mutane, yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci ko coci, yana jin harshensa, yana cin irin abincin da ya saba.

Akwai ma'aikatan jiyya da ke cikin ƙauyen dare da rana, domin in wani abu ya taso a same su nan take. Wannan ya kwantar da hankalin masu gida. Akan kuma yi taro a kai a kai tsakanin ma'aikatan asibiti da dattawan ƙauye, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, a daidaita.

Mutanen ƙauyen su ma ba su tashi a tutar babu ba. Sun sami kuɗin haya, an ba su rance don su ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan famfo, an gyara tsabtar gari, waɗansu kuma sun sami aiki a asibitin. Da suka ga amfanin abin, sai suka riƙe shi tamkar nasu. Da ɗan gari akan ci gari.

4. Masu maganin gargajiya

Abin da ya fi jawo wa Lambo magana shi ne jawo waɗansu masu maganin gargajiya da ya yi cikin aikin. Dalilinsa kuwa a fili yake. Kusan duk majinyacin da ya zo Aro ya riga ya biya ta wurinsu, in ya koma gida ma wurinsu zai koma. Sun san yadda mutanen ƙasar ke fassara mafarki da tsoro da rashin sa'a, majinyaci kuma yakan buɗe musu cikinsa. An kuma gane cewa waɗansu masu magani na Yarbawa suna amfani da saiwar wani icce mai suna Rawolfiya, wanda daga danginsa ne aka fitar da maganin asibiti da ake kira risafin, mai kwantar da wanda hankalinsa ya tashi. Amma saiwar da ba a auna ba tana iya yin lahani, don haka likita ne ke riƙe da ragamar magani.

Abin lura a nan shi ne, haɗa kai da mai maganin gargajiya ko malami ba ya nufin yarda da duk abin da yake yi. Addu'a da nasiha da kwantar da zuciya suna da wurinsu. Duka da ɗauri da horon yunwa kuwa zalunci ne, suna ƙara ciwo, ba wani tsarin kirki da zai ba su wuri.

5. Amfanin tsarin da iyakarsa

Amfaninsa na fari, kuɗin da ake kashewa bai kai na kwantar da mutum a gadon asibiti ba. Na biyu, majinyaci bai rabu da zaman mutane ba, saboda haka komawarsa gida ba ta yi masa wuya. Na uku, ɗan'uwan da ya zauna da shi ya koyi alamun ciwon da yadda ake shan magani, in ciwon ya so dawowa shi zai fara ganewa. Na huɗu, mutanen ƙauye sun ga da idonsu ana warkewa, tsoronsu ya ragu.

Labarin Aro ya bazu. A 1961 aka yi taron farko na likitocin hankali na Afirka duka a Abeokuta. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan a 1968, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Duk da haka tsarin yana da iyaka. Bai dace da wanda ba shi da dangin da za su bar gona ko sana'a su zauna da shi ba, haka kuma wanda ciwonsa ya yi tsanani har yana iya cutar da kansa ko wani, wannan sai an kwantar da shi. Bugu da ƙari, da garin Abeokuta ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan, zaman ƙauye da aka gina tsarin a kansa ya sauya, tsarin kuma ya yi rauni. Wannan ya nuna cewa shiri kome kyansa yana bukatar a riƙa sake dubansa in zamani ya juya.

6. Abin da ya biyo baya

Tunanin da aka gwada a Aro bai mutu ba. A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar hankali cikin aikin ƙananan asibitoci na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shiri na koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane waɗannan cututtuka su yi maganinsu. A birnin Harare na Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa da mutuncinsa.

7. Ka'idoji ga mai shirya irin wannan aiki

Na ɗaya, a fara da binciken abin da ke akwai: ma'aikata nawa, ɗakin shan magani nawa, wa jama'a ke fara zuwa wurinsa in ciwo ya taso.

Na biyu, a nemi yardar hakimi da dagaci da mai unguwa da limamai tun kafin a fara, a kuma ci gaba da shawara da su.

Na uku, a sa dangi cikin jiyya, a koya musu abin da za su yi da abin da za su bari.

Na huɗu, a tabbata magani ba ya yankewa, gama yawancin masu komawa ciwo, barin magani ne ke mayar da su.

Na biyar, a shirya hanyar miƙa wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti zuwa babba, irin na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano.

Na shida, a riƙa rubuta adadin waɗanda suka zo, da waɗanda suka sami sauƙi, da waɗanda suka koma sana'arsu, domin da haka ne za a san ko aikin yana ci ko ba ya ci.

Iyalin da suka ga ɗansu ya daina barci kwana da kwanaki, ko ya janye daga mutane, ko yana maganar kashe kansa, kada su ɓoye shi don kunya. Su kai shi asibiti mafi kusa ba da jinkiri ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a karɓar majinyaci a Aro sai da ɗan'uwansa?
2. Wane amfani mutanen ƙauyukan suka samu, me ya sa wannan ke da muhimmanci?
3. Waɗanne irin majinyata ne tsarin bai dace da su ba?
4. Su wane ne a gundumarku za a fara shawara da su in za a kafa irin wannan aiki?