Yadda Za Ka Sa Word Ya Haɗa Maka Ƙunshiyar Furojet Da Kansa

Duk wanda ya taɓa rubuta furojet ko wani dogon rahoto ya san ciwon kan da ke cikin shafin ƙunshiya. Za ka zauna ka buga sunan kowane babi, ka jera ɗige-ɗige, ka sa lambar shafi. Washegari malamin da ke duba maka aikin ya ce a ƙara bayani a babi na biyu, sai duk lambobin da ke bayansa su goce, abin da ka ce yana shafi na 34 ya koma na 36. In kuwa an riga an buga an ɗinke, kuɗin firintin ya tafi a banza.

Maganin abin shi ne ka daina buga ƙunshiya da hannu. Microsoft Word yana iya haɗa ta da kansa, haɗe da jerin hotuna da jerin jadawali, matuƙar ka nuna masa abin da zai ɗauko.

Mataki na 1: Yi wa kanun rubutu alama

Ƙara wa layi girma ko kauri ba ya sa Word ya gane cewa kan babi ne. Abin da yake dubawa shi ne salon da aka ɗora wa layin. Ka danna kan layin, ka shiga Home, a wajen Styles ka zaɓi Heading 1 don sunan babi, Heading 2 don ƙaramin kai irin su 2.1, sai Heading 3 don na ƙasa da shi irin su 2.1.1.

Wannan matakin ana iya yin sa a waya, domin manhajar Word da ta Google Docs duk suna da waɗannan salo. Saboda haka in a waya kake rubutu, ka riƙa sa alamar tun kana bugawa. Sauran matakan sun fi sauƙi a kwamfuta, ko taka ko ta shagon buga takardu.

Idan launi ko girman da Heading 1 ya zo da shi bai dace da ƙa'idar makarantarku ba, kar ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Danna dama a kan Heading 1, ka zaɓi Modify, ka gyara sau ɗaya, duk babukan za su canza tare.

Mataki na 2: Saka ƙunshiyar

Ajiye alamar rubutu a shafin da kake son ƙunshiyar ta fito. Shiga References, danna Table of Contents, ka zaɓi ɗaya daga cikin masu suna Automatic. Nan take za ta fito da kanu har hawa uku, kowanne da lambar shafinsa. Ka guji wanda aka rubuta wa Manual Table, shi da hannu ake cike shi, ka koma gidan jiya ke nan.

Mataki na 3: Jerin hotuna da na jadawali

Su ma alama suke buƙata. Danna hoton, ka shiga References, ka zaɓi Insert Caption. A wajen Label ka ɗauki Figure in hoto ne, Table in jadawali ne. Masu rubutu da Hausa su danna New Label su rubuta Hoto ko Jadawali. Word zai riƙa ba su lamba da kansa, ko ka cusa sabon hoto a tsakiya zai sake jera lambobin.

Bayan ka gama, koma shafukan farko ka danna Insert Table of Figures. Sau biyu za ka yi: na farko ka zaɓi lakabin hotuna, na biyu na jadawali.

Mataki na 4: Raba lambobin shafi

A yawancin makarantu, shafukan farko kamar sadaukarwa, godiya, tsakure da ƙunshiya suna ɗaukar lambobin Romawa, wato i, ii, iii, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Ajiye alamar rubutu a ƙarshen shafukan farko, ka shiga Layout, Breaks, ka zaɓi Next Page. Yanzu takardar ta rabu gida biyu. A kowane ɓangare ka shiga Insert, Page Number, Format Page Numbers. Na farko ka ba shi i, ii, iii, na biyu ka ba shi 1, 2, 3, ka sa Start at ya zama 1.

Ribar wannan ita ce, ko ƙunshiyar ta ƙara tsawo ta ci wani shafin, lambobin babuka ba za su motsa ba.

Inda aka fi yin kuskure

Jerin ba ya sabunta kansa kana cikin rubutu. Duk lokacin da ka yi gyara, danna Ctrl da A, sannan F9. Word zai tambaye ka tsakanin Update page numbers only da Update entire table. Na farkon lambobi kawai yake gyarawa. In ka canza sunan babi, ka ƙara ko ka goge, na biyun za ka zaɓa.

Kar ka gyara rubutu a cikin ƙunshiyar kanta. Da zarar an sabunta ta gaba ɗaya, gyaran ya goge. In ka ga kuskure a ciki, je ka gyara shi a ainihin kan babin.

In ka ga wani dogon sakin layi ya faɗo cikin ƙunshiya, to an sa masa Heading ne bisa kuskure. Mayar da shi Normal, ka sabunta. In kuma ka ga "Error! Bookmark not defined" a gurbin lamba, galibi an goge kan da layin yake nunawa ne, sabunta jerin gaba ɗaya zai kawar da shi.

Kafin ka kai a buga

Kwamfutar shago ba lallai tana da irin haruffan da ka yi amfani da su ba. In babu, Word zai musanya su da wasu, layuka su motsa, shafuka su goce. Don haka ka sabunta jerin a matsayin aiki na ƙarshe, ka gwada kanu uku ko huɗu ka ga ko lambobinsu sun yi daidai, sannan ka adana fayil ɗin a matsayin PDF. Shi za ka tura a buga, shi kuma za ka duba a wayarka.

Haka tsarin yake a LibreOffice Writer da Adobe InDesign da masu tsara littattafai ke aiki da shi: a sa wa kanu salo, manhaja ta tattaro su, a sabunta bayan gyara. Sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta. In kana da furojet a hannu yanzu, buɗe shi a wayarka ka fara da mataki na 1 tun yau, sauran aikin mintuna kaɗan ne a gaban kwamfuta.