Amsar Tambaya: Ta Ina Ɗalibin Lantarki Zai Kama Lissafi?

Lissafin injiniya da ilimin lantarki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma bi da bi ake koyonsu. Aljebra ce farko, domin da ita ake aiki da dokar Ohm da dokokin Kirchhoff na 1845. Sai kalkulas, mai bayyana yadda kafasita ke cika da caji: tana kai kusan kashi 63 cikin ɗari a lokacin da ya yi daidai da R (juriyar rezista) sau C (girman kafasitar).

Ɗalibin da abin ya shige wa duhu ya riƙa lissafawa a takarda, sannan ya gwada. Batir mai bolt 9 da rezista mai om 1,000 za su ba da miliamfa 9. In mita ta nuna daban, ya duba haɗin wayoyi da ƙarfin batirin, sannan ya sake lissafin.